Mai Jego a Cikin Danya

Litinin, 5 ga watan takwas

Ban gaya wa kowa ba. Kwana tara ke nan in na kai wa Baba hura gona ba ni komawa gida kai tsaye. Ina laɓewa bayan kalgo in yi ta kallon tsohuwar danyar bakin gonarmu. Akwai kogo a jikinta, an liƙe shi da laka sai 'yar tsaga. Cilakowa ce a ciki. Da idona na ga tana yaɓe bakin ƙofar daga ciki, mijin na kawo mata laka. Inna na zaton hira nike tsayawa yi a rijiya. Ni da hira!

Laraba, 7 ga wata

Na ƙirga a bayan tsohon kayen lakwal, littafin rubutuna na makaranta. Sau goma sha ɗaya mijin ya kawo mata fara kafin in tashi, duk daga cikin hatsinmu. Kurciya ta hi son aduwa, jemagu suna dogonyaron masallaci, amma kogo sai tsohon icce. Ƙarƙashin danyar cike da gashin cilakowar. Ta zubar da shi, ko an buɗe ba ta iya tashi.

Alhamis, 8 ga wata

Kawu Harisu masassaƙi ya biyo ta gona. Ya ɗaga kai ya ga lakar, ya ce wa Baba gara ta shiga danyar. Wai gara a sare kafin gara ta cinye, ko turmi biyu a samu. Sunka yi dariya. Baba ya ce shi zo Asabar da gatari.

Ina tsaye da ƙwarya a hannu. Na juya na koma gida.

Juma'a, 9 ga wata

Sau ukku na je ƙofar Baba. Na dawo da tabarma, na dawo da buta, na ukku ban ma sami abin ɗauka ba.

Asabar, 10 ga wata



Na riga su Baba isa gona. Da sunka zo, Kawu ya ce: «Ke Munira, kauce, icce ba ya sallama in zai hwaɗi.» Ban kauce ba. Na jingina bayana da danyar na ce ba gara ba ce. Ban ji muryata ba ni kaina. Baba ya ce: «Mi kika ce?» Na sake hwaɗi. Kawu ya ce ashe ɗiyar ƙanwarshi tana da harshe, shi ya ɗauka aro anka bayar da shi.

Na roƙe su mu ja baya mu yi shiru. Munka zauna inuwar kalgo. Mijin ya ƙi zuwa, ya ga mutane. Kawu ya fara wasa gatari da dutse, yana cewa yana da aiki ƙauyen Deule kafin azahar. Ni dai ina ta salati cikin zuciya. Har Baba ya dafa ƙasa zai tashi, sai ga mijin ya sauka da ƙaton babe a baki. Jan baki ya leƙo ta tsagar ya amshe. Kuma munka ji cii-cii. Ɗiya! Wanga ni ma ban sani ba.

Kawu ya aje dutsen. «La ilaha illallahu, mai jego ce a ciki!»

Baba ya daɗe yana kallo. Ya ce yana yaro ya san haka, ya manta. Ya ce wa Kawu shi nemi turminshi wani wuri. Sannan ya miƙo mini ludayi in fara shan hurar. Bai taɓa ba.

Lahadi, 11 ga wata

Kawu ya baza labari. Yanzu a rijiya «ungozomar cilakowa» suke ce mini. Na sunkuyar da kai, amma ban ji haushi ba.

Talata, 27 ga wata

Cilakowa ta fasa ta hito! Ramammiya, gashi sabo. Ɗiyan sun sake liƙe ƙofar da kansu. Na yi guɗa ni kaɗai cikin hatsi, ƙarama dai.

Alhamis, 5 ga watan tara

Baba zai rage reshen aduwa, ya kira ni in duba ko da kowa a sama. Na duba na ce babu. Sai da na dawo gida na tuna ban kalli ƙasa ba da nike ba shi amsa.

Inna ta ce gobe Malam Halidu, mai gonar da ke gabas da tamu, zai sare tsohon marken kan iyaka. Akwai kogo biyu a jikinshi, ɗaya da laka. Ba danginmu ba ne, ban taɓa ce mishi komi ba sai gaisuwa, kuma ba wanda ya aike ni.

Na wanke mayafina. Da sassahe zan tahi.