Sanarwar da Nake Jira Daga Maiyama

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

Zuwa ga Malama Amatullah, sanyin idona a yammacin rayuwa, ruwan farko da ya sauka a fadamar da ta tsage don ƙishi, inuwar tsamiya ga matafiyin da rana ta ritsa da shi a hanyar Jandutsi, zumar da ƙudanta bai taɓa harbina ba sai yanzu! Aminci ya tabbata gare ki, da 'ya'yanki, da dukan wanda ya kwana ƙarƙashin rufin da kike.

Bayan haka, ki sani natsuwa ta yi ƙaura daga gare ni. Nakan buɗe littafi, ido yana kan layi, zuciya kuwa ta riga ta shiga motar Maiyama. Mahauta da direbobin da ke ɗaukar karatu a zaurena bayan la'asar sun fara kallon juna, domin malaminsu yana maimaita babin da ya wuce. Na zauna, zama ya ƙi ni. Na miƙe, ban san inda na nufa ba. Ashe furfura ba ta kashe wannan wuta? Ashe mutum zai binne matarsa, ya yi zaton ya rufe ƙofar nan har abada, sa'an nan murya guda ta buɗe ta ba tare da sallama mai ƙarfi ba?

Kin tuna bazarar bara, ranar da ɗiyata Bushira, abokiyar aikinki a jami'ar Aliero, ta kawo ki gidana a Jega? Na kai muku ƙarar kwamfutar da nake naɗar karatuna da ita. Da safe takan ɗauki muryata sumul. Da rana ta take, sai kalmomi su riƙa zubewa, aya ta rasa ƙarshenta, addu'a ta yanke a tsakiya. Har na fara zargin maƙogwarona. Kinka ɗora tafin hannunki a bayan na'urar, kinka janye shi da sauri, kinka yi murmushin da har yau yake haskaka wannan kusurwa ta zaure kamar hantsi a kan gulbi.

Kinka bayyana mini cewa can cikin kwamfuta akwai wani shugaba ɓoyayye, wanda kuke kira kanel, shi ke raba wa kowace manhaja lokaci da ƙarfi. In ya ji zafi ya yi yawa, sai ya rage wa ƙwaƙwalwar na'urar gudu don kada ta ƙone. Na ce ai wannan tausayi ne. Kinka yarda tausayi ne, amma kinka ce yana yin sa a ɓoye: manhajar da ke ɗaukar murya ba ta da labari, tana ta ɗora kaya kamar ƙarfin safe yana nan, har kayan su zube. Rage gudun ba laifi ba ne, in ji ki, rashin sanarwar shi ne ɓarna. Aikin da kike fama da shi kuwa shi ne buɗe wata kafa, inda manhajar da ke son ji za ta bayyana kanta ta jira, da zarar gudu ya sauka ko ya hau a aiko mata labari, ta daidaita kayanta. Da na tambaya mi zai hana manhajar ta riƙa tambaya da kanta kowane lokaci, kinka girgiza kai, kinka ce yawan tambayar aiki ne shi ma, zafi yake ƙarawa.

Ya ke tattabarar da ta sauka a reshen da ya bushe! A ranar na ji fiƙihu a bakin da bai yi niyyar karantar da shi ba, kuma tun ranar ban koma yadda nake ba.

Kin san abin da ya biyo baya. Na bari sai da na tabbata kin daɗe da fita takaba kafin na buɗe baki. Kinka saurare ni, kinka yi mini gardama a kan mas'aloli, kinka yi dariyar yadda nake danna madannai da yatsa guda kamar mai tsintar tsakuwa a gero. Amma tun da na aika dattawana wurin yayanki Maccido, sai gudunki ya ragu. Amsarki ta gajarce, sa'an nan ta yi nisa, sa'an nan kinka tafi hutu Maiyama, waya tana ƙara har ta gaji. Ni kuwa, kaitona, na zama manhajar nan mara haƙuri: na kira, na aiki Bushira, na tsaya a tasha ina tambayar direbobin Maiyama ko sun ga giccinki. Ina tsoron kowace tambaya tawa ta ƙara miki zafi.

Jiya Maccido ya zo har zaurena, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce ya yi miki maganar, kin sunkuyar da kai ba ki ce uffan ba, shi kuma ya ɗauka kunya ce. Don haka in zo da jama'ata ranar Juma'a mai zuwa a ɗaura bayan an sauko. Wallahi, Amatullah, zuciyata ta yi tsalle kamar ɗan maraƙi ya ga ciyawar damina, har harshena ya kusa cewa amin!

Amma yaya zan yi da abin da na sani? Shekaru nawa ina karantar da mutanen garin nan cewa shirun budurwa ana karɓarsa, amma macen da ta taɓa aure ta fi waliyyinta iko da kanta, sai ta furta da bakinta? Aure nawa na ƙi ɗaurawa sai da anka koma anka jiyo kalmar amarya? Yau da abin ya zo kaina, sai in ci shirunki kamar halal? In tsaya gaban Ubangijina da matar da ban sani ba ko kunya ta sunkuyar da ita ko baƙin ciki?

Wane zafi ne ya kama ki, ya furen fadama? Shekaruna ne? Ba zan iya rage su ba, amma ba zan ɓoye su ba. Tsoron in raba ki da aikinki ne? Na ɗauki alkawari gaban Wanda ba Ya mantuwa, motar Aliero ba za ta tashi ta bar ki ba saboda ni. 'Ya'yanki ne? Gidana ya yi shiru da yawa, yana marmarin hayaniyarsu. Ko kuwa marigayi ne har yanzu yake zaune inda nake roƙon a ba ni tabarma? In haka ne, Allah Ya jiƙansa, ba ni kishi da wanda ya riƙe ki da alheri. Kowanne ne, zan iya ɗauka. Abin da ba ni iyawa shi ne in ci gaba da ɗora miki kaya alhali ƙarfinki ya ragu ban sani ba.

Don haka na sallami Maccido da amsar da ba ta yi masa daɗi ba, ni ma ta ƙona ni: ba zan zo Juma'a ba, kada a sayi goro, kada a gaya wa liman, sai kalma ta fito daga bakinki. Daga wannan takarda kuma ba zan ƙara kira ba, ba zan ƙara aike ba. In eh ce, ki faɗa wa Bushira da kanki. In a'a ce, ki faɗa ba tare da tsoro ba. Duk wanda ya tambaya zan ce ni na dakatar da maganar, kuma gaskiya na faɗa, babu mai ɗora miki laifi.

Ko kin zama matata ko ba ki zama ba, sunanki ba zai fita daga addu'ata ba har ranar da za a miƙe ni a makara.

Naki mai riƙon amana har ƙarshen numfashi,
Malam Ladan, Jega.