Baƙin Akwati Mai Bakan Gizo

Omdurman, Maris 1993

Zuwa ga Yayana Abdulmun'im,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Ghada da yara. Ya zafin Jidda?

Baba yana nan yadda ka bar shi. Tun da ya rufe shagon gyaran rediyo bayan rasuwar Inna, ko gahawar jabana aka dafa masa sai ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Amma jiya maƙwabciyarmu Kubra ta kawo wani baƙin abu da Baturiyar da ta yi wa aiki ta bar mata. Faɗinsa kamar littafi, maɓallansa na roba, da zanen bakan gizo a gefe. Kubra ta ce tafireta ce, ni na ce na'urar lissafi. Baba ya juya shi ya leƙa ramukan bayansa, ya ce, "Wannan da talabijin yake magana." Yaya, na manta rabon da in ji muryarsa haka. An rubuta Sinclair a kai. Don Allah ka tambaya mana.

Ƙanwarka,
Ni'mat

Omdurman, Mayu 1993

Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan tarin Ghada ya warke. Wasiƙarka ta iso. Ashe kwamfutar gida ce ta Ingila, Spectrum, ba irin mai jajayen maɓallai da abokin da ka tambaya ya fara zato ba.

Wayar wutarta ta ɓace, sai Baba ya sa rawaninsa ya hau bas zuwa Bahri da kansa, ya samo kaya ya haɗa wata. Ya yi ta murɗa tashar talabijin har farin allo ya fito da ƙaramin rubutu a ƙasa. Da muka sa kaset ɗin da ya zo cikin kwalinta a rikodar da Baba ya jona mata, rikodar ta kama ƙara kamar an taka kyanwa. Kubra ta gudu tana salati! Baba ya ce a bari, kwamfutar ce take karanta kaset ɗin. Can sai ga wani ɗan mutum a talabijin yana tsalle a cikin kogo.

Baba ya yi dariya har da hawaye. Ni ma na shiga kicin na yi kukana.

Yanzu dattawan unguwa a ɗakinmu suke wuni, ana gardamar wa ya fi iya sa ɗan mutumin tsalle. Da aka ɗauke wuta jiya Baba yana gab da tsallake kogo na uku, ya fita tsakar gida yana faɗa kamar saurayi. Ya ce in gaya maka kada ka aiko masa da magani bana, kaset yake so.

Taka har kullum,
Ni'mat