Mai Jar Riga Ne Zai Faɗi

Fort Washington, Amurka, Juma'a.

Sa'adiya tawa,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin Munich, ya karatu? Na ga hotonki a bakin kogin nan da turawa ke sulu a kan katako, kin yi ƙiba wallahi.

Alfarma nake nema, kuma da gaggawa. Kin san Mama Rachel, tsohuwar Jos ɗin da nake kula da ita. Mantuwa ta fara kama ta. Kwanan nan kullum maganarta ɗaya ce, wai ita da mijinta marigayi Baba Bot sun tsaya gindin wani dogon agogo a Jamus, 'yan tsana suna rawa a jikinsa, dawakai suna karo. 'Yarta Anti Diana ta ce ai shi ke nan kai ya tafi, mamanta ba ta taɓa zuwa Jamus ba. Har ta karɓo takardun gidan tsofaffi.

Ni kuwa kin san ni da waya. Na bincika, sai ga agogon a dandalin Marienplatz, a garinku. Ban nuna wa Mama ba, kar a ce a wayata ta gani. Na ga wai yana rawa ƙarfe biyar na yamma, sha ɗaya kenan a nan. Don Allah ran Litinin ki je ki kira mu ta bidiyo. Na roƙi Anti Diana ta tsaya.

Taki,
Afnan

Litinin.

Sa'adiya,

Ina gaisuwa, da fatan kin koma gida lafiya. Ki yafe min saƙonnin murya goma sha huɗun nan, da wanda na kira ki mara kirki. Wa ya san kun mayar da agogonku baya da awa ɗaya jiya, mu sai mako mai zuwa?

Tun goma na yi wa Mama wanka, ta ce a ɗaura mata ɗankwalin coci. Muka zauna muna kallon waya. Sha ɗaya da rabi Anti Diana ta ɗauki makullin mota ta tafi asibiti aiki, ko kallona ba ta yi ba. Da kika kira sha biyu Mama ta yi barci a kujera, shi ya sa ban ɗauka ba, kuka nake a kicin.

Na kasa zama wuri ɗaya. An ce daga ƙarshen wata babu rawar yamma sai Maris, ita kuma Anti ran Juma'a za ta sa hannu. Alhamis tana hutu. Ki sake zuwa, ko ruwa ake yi.

Afnan

Alhamis.

'Yar uwata,

Sannu da shan ruwan sama, ya mura? Duk da ruwan, mun gani.

Ga abin da ba ki ji ba saboda ƙararrawa. Da dawakan suka wuce karon farko, Mama ta dafa hannun Anti Diana ta ce ta jira, sai a zagaye na biyu mahayin nan mai jar riga zai faɗi. Ya kuwa kife. Ta ce saura masu rawa na ƙasa, sai ga su suna juyi.

Anti ta sauko ƙasa ta zauna gaban mamanta, ta tambaye ta yaushe suka je. Ashe kafin a haife ta ne, Baba ya je kwas na wata uku. Wai har wani murɗaɗɗen burodi mai gishiri suka ci, Baba ya tofar.

Ba wai ta warke ba ce, ɗazu ma da sunan Diana Mama ta kira ni. Amma takardun suna kan firij, babu sa hannu. Awa biyu kenan suna hira, an manta da ni, shinkafata har ta kama.

Ki gaida mutanen gidanku. Burodin nan, yana iya kwana nawa a hanya?

Taki har kullum,
Afnan