Tsanin Hawa na Shida

Lahadi, 1 ga Oktoba

Ƙuri'a ta faɗo kaina. Shekara ashirin da biyu ina zille wa taron masu gida, yau ɗaya da na leƙa, sai ga ni mai kula da rigakafin gobara a benenmu. Hawa bakwai, gida ashirin da takwas. Na ce ni mai kabejin gishiri ce a kasuwa, wutar da na sani ta dafa shinkafa ce. Shugaban taro ya ce, "Kishimoto-san, bakin da ke sa mai neman ƙulli ɗaya ya tafi da rabin ganga, shi muke nema." Aka kwashe da dariya. Wai doka ce, dole a kai sunan mutum ɗaya ofishin 'yan kwana-kwana, da hatiminsa. Na buga. A raina na ce takarda ce, ba ta cizo.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Kwana biyu a ajin horo na 'yan kwana-kwana, rumfata a rufe. Na je da niyyar gyangyaɗi.

Da rana suka shigar da mu wani ɗaki da suka cika da hayaƙin gwaji, marar cutarwa, har ƙanshi yake. Taku goma ne zuwa ƙofa, na gan ta da idona kafin a sako shi. Ni da ba lungun da ban sani ba a kasuwannin Osaka, na ɓace a taku goma. Hannuna ma ban gani ba. Na fito da rarrafe ta inda na shiga.

Malamin ya ce hayaƙi na hawa matattakala fiye da gudun kowane ɗan tsere. Kafin ka sauka hawa ɗaya, shi ya haye biyar. Da na dawo na tsaya a ƙasan matattakalarmu ina kallon sama. Tabɗi. Ashe bututu muke hawa kullum.

Talata, 24 ga Oktoba

An liƙa sanarwa: masu duba kayan gobara za su zo ranar 9 ga Nuwamba, ɗaki-ɗaki. Littafin bara ya nuna gida goma sha ɗaya ba su buɗe ƙofa ba. A zamanina? A'a.

Nawa sirrin dai yana nan. Ganguna huɗu a baranda, kowace da dutsen danne kabeji a kanta. Biyu suna zaune a kan murfin ƙarfen da ke daɓen barandar, wanda tsanin tsira zuwa hawan ƙasa yake naɗe a ciki. Ranar dubawa sai in mirgina su kusurwar hagu wurin 'yan'uwansu, a buɗe murfi, a yaba, su tafi, in mayar. Ban taɓa shan kunya ba.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Gida ashirin da bakwai sun yi alkawari. Saura Shirahama-san, tsohon direban jirgin ƙasa da ke samana, hawa na shida, shi kaɗai tun rasuwar matarsa. Shekara takwas a jere littafi na cewa "ba ya gida". Na tare shi wajen zuba shara.

"Ranar ina da wankan gidan wanka," in ji shi.

"Da ƙarfe goma na safe? Kai kifi ne?"

Ya sosa ƙeya. Na ce in ya fita, zan zauna a ƙofarsa da kujera in gaya wa duk mai wucewa budurwa ya ajiye a ciki. Ya ce, "Kin tabbata kina so in zauna?" Na ce sosai. Ya sunkuya ya tafi.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Mai dubawar wata siririya ce, Torigoe-san, ba ta kai 'yata ba. Karanta gini take kamar yadda nake karanta fuskar mai ciniki. Ta taɓa ƙofar matattakala da yatsa ɗaya ta ce wani na tokare ta da takalmi in zafi ya yi. Gaskiya ne, ni ce. Ta nuna min siririn allon da ke raba barandar maƙwabta: da gangan aka yi shi da rauni, don ko tsohuwa ta fasa shi da ƙafa ta tsallaka. Wani wanda bai san mu ba ya zauna shekara arba'in da suka wuce, ya zana wa kowane ɗaki hanya biyu ta fita. Ina ta mamaki a bayanta kamar baƙuwa.

Muka iso na shida. Ta buɗe murfin barandar Shirahama-san, ta taka sakata. Tsani ya warware ƙasa, sai ƙwal! Ya tsaya a rabi.

Na leƙa ramin. Duwatsuna. Gangunana huɗu, a kusurwar hagu, daidai inda ƙafar mai saukowa za ta dira. Shekara ashirin da biyu ina lura da murfin da ke ƙasana, ban taɓa ɗaga kai na ga wanda ke samana ba.

Torigoe-san ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Gidan wa ne a ƙasa?" Na ce na mai kula da rigakafin gobara. Ta rubuta. Ta miƙo min takardar, don ni doka ta ce in buga hatimi.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Ban fita kasuwa ba.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Na hau da kwanon kabeji in ba Shirahama-san haƙuri. Ashe ya sani. Bayan wata girgizar ƙasa ya buɗe murfin ya gwada, lokacin matarsa na raye, ya ga duwatsu, ya rufe. Tun daga nan duk ranar dubawa sai ya ɗauki tawul ya fice, kada a buɗe a gani a kunyata ni.

Na ce, "Kai wane irin tsoho ne? Da gobara ta tashi a ƙofarka fa?"

"Sana'arki ce," in ji shi. "Ba a takura wa maƙwabci."

"A ƙone dai?"

Ya yi murmushi, ya ce kabejin bana gishiri ya ɗan yi yawa.

Na sayar wa dubban mutane, na ɗauka ba irin da ban gani ba. Mutum ya kwana shekara takwas a kan hanyar da ya san a toshe take, don kada fuskata ta yi ja. Har yanzu abin bai zauna min ba.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Gangunan sun koma cikin ɗaki, kusa da firiji. Labule, gado, gashina, komai warin kabeji. Ɗanɗanon ma ya ragu, masu saye biyu sun faɗa min a fuska. Na ce musu rana ce ta yi yawa a baranda bana, haka nake gaya wa kowa.

Torigoe-san ta dawo da safe. Tsani ya sauko har ƙasa. Shirahama-san ya nace sai ya gwada, ya sauko da safa, a hankali, mataki-mataki, ni ina riƙe da ƙasan tsanin. Ba don komai ba, kada ya faɗo a ce laifina ne. Da ya dira ya waiwaya ya ce, "Ashe barandarki na da faɗi."

Na dafa masa shayi. Ya koma ta matattakala.