Shafin da bai tafi ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, ba tonon asiri na zo yi ba. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana tara ina juya abu ɗaya a raina har abinci ya daina yi min daɗi.

Ni ƙaramin malami ne a wata jami'a, ina koyarwa ina kuma yin digiri na uku. Fannina lissafin kulle saƙo ne, irin lissafin da yake sa in ka tura kuɗi ko saƙo ta waya wani a hanya ba zai iya buɗewa ba. Amma ni ba na haɗa manhaja, aikina biro ne da takarda, in kawo hujja ta lissafi cewa wannan kwaɗon ba ya buɗuwa sai da makullinsa. A ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa an daɗe da yanke min hukunci, wai karatun banza na yi, tunda duk wanda ya kawo min gyaran waya sai in tura shi wajen mai shagon caji.

Lokacin dogon yajin aikin nan da aka tsayar mana da albashi, kwanon masara ya fi ƙarfin malamin jami'a, zaman birni ya gagare ni. Na kwaso matata da yara muka koma gida, na karɓi gonar Baba ta bayan gari na shuka gero da wake. Batirin laftof ɗina ya mutu, wuta kuwa babu, sai na koma littafin rubutu irin na 'yan firamare. In na taso daga gona na yi azahar, sai in zauna gindin darbejiyar ƙofar gida in yi ta rubutu ina sokewa. Cikin ikon Allah matsalar da na shekara uku ina kokawa da ita, a wannan daminar ta buɗe min. Shafi arba'in da ɗaya, wasu har da tabon ƙasar gona a jikinsu.

Akwai wani, bari in kira shi Nafi'u, ba sunansa ba ne. Tare muka yi karatun allo a zauren Babanmu, tare muka tafi jami'a, ɗakinmu ɗaya tukunyarmu ɗaya. Shi Allah ya ba shi tallafin karatu ya tafi Turai yin digiri na uku a wannan fannin namu, ni na raka shi filin jirgi. Kuma ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya yake aure, 'ya'yansu biyu, suna can tare. Ni na shige masa gaba a wajen Baba har aka ba shi.

To da na gama, wa zan fara faɗa wa in ba shi ba? Ya yi ta murna, ya ce in ɗauki hoton shafukan in turo, zai buga su a kwamfuta yadda ake so, ya nuna wa Baturen malaminsa, sai mu fitar da sunayenmu tare. Garinmu netwok sai an yi sa'a, don haka na jira ranar kasuwar Tsanyawa, na raɓe a rumfar masu wake ina ɗauka ina turawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce sun iso. Daga nan duk sanda na tambaya sai ya ce ana dubawa, in yi haƙuri, su Turawa ba sa gaggawa.

Bayan an janye yajin aiki na koma makaranta, wata rana malamin da ke duba aikina ya kira ni ofis, ya juyo min da kwamfutarsa. Aikina ne an wallafa a wata babbar mujalla ta fannin, da sunan Nafi'u da na Baturensa. Har haruffan da na zaɓa ba a canza ba. A can ƙarshe inda ake godiya aka rubuta wai ana gode wa wani aboki a gida saboda hira mai amfani. Hira fa. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Malamina ya ce ya yarda da ni, amma in na sa wannan aikin a kundina yanzu ni za a ce na kwafa, ga shi jami'a ta ɗibar min lokaci, in ban gama digirin ba kujerata ma ba tabbas.

Na kira Nafi'u. Ya ce Baturen ne ba zai yarda da sunan da bai sani ba, ya ce abin da ke cikin littafin firamare ai ba aiki ba ne sai an gyara shi, ya ce takarda ta gaba zai sa ni. Da na matsa sai ya ce in tuna a hannun wa ƙanwata take. Wannan maganar ta fi satar yi min ciwo. Na haɗiye, ko a gida ban faɗa ba, takardar ma ban iya karanta ta zuwa ƙarshe ba don takaici. Na kama sabon aiki daga tushe, har yau bai je ko'ina ba.

Kwana tara da suka wuce sai ga kiransa, mutumin da ya shekara bai neme ni ba, har da Yaya a bakinsa. Wai wani mai bincike a wata ƙasa ya gano rami a tsakiyar hujjar. Na buɗe takardar, sai na ga wani wuri da ya tsallake ya rubuta wai wannan a fili yake. Mu 'yan lissafi mun san wannan kalmar, sau da yawa a nan mutum yake ɓuya. Abin da ya ce a fili yake ni wata biyu na yi a kansa, tun daga noman farko har gero ya fara kai. Na koma tsohuwar hirarmu ta waya ina bin hotunan, sai ga shafi na goma sha bakwai, wanda bayanin wannan wurin yake ciki, da alamar bai tafi ba. Arba'in ya samu. Yana sauri bai lura ba, ko ya lura ya ji nauyin tambaya, Allah masani. Shi da Baturen sun yi watanni sun kasa cike gurbin, yanzu mujallar ta ba su mako uku ko a janye takardar, kuma a kanta digirinsa da aikinsa da takardar zamansu shi da iyalinsa a ƙasar suka tsaya.

Na ce zan bayar, amma a gyara a sa sunana. Ya ce in ya nemi haka sai ya yi bayanin dalili, kuma a can wannan laifin ƙwace digiri ake yi. Ya sake yi min alkawarin takarda ta gaba. Da ya ga ban turo ba sai ya tura mahaifiyarsa wajen Innarmu, aka kira ni gida ranar Juma'a. Inna ta yi ta faɗa, wai a kan takarda ƙwaya ɗaya zan dawo mata da 'ya da jikoki, wai ƙwaƙwalwar da ta rubuta wannan ai za ta rubuta wani. Baba ya saurari komai, ya ce in miƙo shafin. Ya riƙe shi ya daɗe yana kallo, alhali ko harafi ɗaya bai sani ba a ciki.

Ya ce, "Ɓoye ilimi ba kyau, wannan ka sani. Amma ni ban taɓa buɗe littafi a zauren nan ban faɗi wajen wa na karanta shi ba, kuma Nafi'u yana zaune yana ji."

Ya miƙo min abuna ya tashi alwala, bai ce in bayar ba bai ce in hana ba.

Jiya ƙanwata ta turo saƙon murya, ba ta san komai ba sai abin da ya faɗa mata. Ta ce, "Yaya, ya ce kai kaɗai za ka fitar da mu, Allah ya bar zumunci." Na ji muryar ƙaramin ɗanta a baya yana kiran sunana. Wallahi sai da na yi hawaye.

Hirarmu tana nan a wayata da ranakunta, littafin yana nan, in na rubuta wa mujallar na san za a maido min da haƙƙina, na kuma san abin da zai biyo baya a gidan 'yar'uwata. In kuma na tura shafin, na cike masa satarsa da hannuna, aikin ya tabbata nasa har abada, ni kuma wataƙila in rasa kujerata. Shekara da shekaru ina zagin netwok ɗin garinmu, ashe a duk wannan lamarin shi kaɗai ya riƙe min amana.

Saura kwana goma sha biyu. Jama'a, in danna sake turawa, ko in rubuta wa mujalla? Wanda zai ce in yafe, don Allah ya faɗa min da sunan wa zan ciyar da nawa 'ya'yan.