Mushe Idi Bai Gane Ni Ba

Daren Lahadi, makon farko na Janairu

Barci ya ƙi zuwa. Yau tsoffin ɗaliban lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta boko, muka yi taron sabuwar shekara a unguwar Treichville. Ni na zaɓo atamfar anko a kasuwar Adjamé, ni na bi gida-gida ina rabawa har ƙafata ta kumbura.

Ana cikin cin abinci sai ga Balkisa, wadda muka zauna benci ɗaya, ko ankon ba ta sa ba. Wai daga asibiti take. Mushe Idi, tsohon malaminmu mai dogara sanda ("Mushe" muke ce wa malami, da Faransanci), har da miƙewa tsaye! "Dokta! 'Yata!"

Da na durƙusa na gaishe shi, sai ya ƙura mini ido. "Sannu, baiwar Allah. Ke ma wajenmu kika yi karatu?"

Na yi dariyar yaƙe. Ba na yi mata baƙin ciki. To, kaɗan dai.

Abin da ya tsaya mini a rai, rigar da ke jikinsa ni na kai wa tela da hannuna. Ya shafa ɗinkin, ya juya ya yi wa Balkisa godiya.

Ita kuwa ko kunya babu, ta ce, "Ba komai, Mushe."