Uwar Maƙera Ba Ta Tashi

Ketare,
3 ga Afrilu, 1977.

Ƙawata Tabita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kin isa Damari lafiya, kin sami su Baba da Mama da Yaya Lidiya ƙalau. Yaya zafi? Mu ma lafiya muke, sai abu ɗaya, wanda ya sa na ɗauki biro tun ban kwance akwatina ba.

'Yan kunnen bikin Yaya Lidiya ba a yi su ba. Azurfar da kuka aiko tana nan ƙulle a tsummanta. Don Allah kada ku ce Babana ya manta. Bayansa ne.

Ke ba ki taɓa ganin maƙerarmu ba. Baba maƙerin farfaru ne, zobe da sarƙa da 'yan kunne yake yi, aikin da wani sa'in sai an riƙe shi da hantsaki. A kan buzu yake zama. Uwar maƙera kuwa, wato ƙarfen da ake dukan aiki a kansa, a kafe take cikin ƙasa, kanta bai wuce taƙi ɗaya ba. Saboda haka sai ya naɗe kamar busasshen kifi, hancinsa ya kusa taɓa aikin. Shekara talatin haka! Tun da albashi ya ƙaru kowa zobe yake so, aiki ya yi yawa, bayan kuwa ya ƙi. Yanzu in ya yi awa guda a zaune sai an kama shi ya tashi. Ya gaya wa Inna da ruwan farko ya sauka zai kifa tukunya a kan uwar maƙera ya rufe ɗakin. Yaya Zailani yana can yana tuƙin tirela, ba mai gado ke nan.

Amma Tabita, na sami dabara! Kin tuna ranar da Malama Khadijatu ta kawo ƙashin bayan roba aji, ta lanƙwasa shi muna dariya? Ta ce wurin aiki ake gyarawa ya dace da mutum, ba mutum ne zai karye don ya dace da wurin aiki ba. Tebur zan sa a yi wa Baba, da kujera, daidai jikinsa.

Awo ne matsalar. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi, ina zan ɗora masa tef? Inna ce ta fisshe ni. Kullum da safe tana shafa masa man zafi, sai ta tafi da zare a ɓoye. Ƙulli ɗaya daga ƙugu zuwa kafaɗa, ɗaya daga gwiwa zuwa diddige, ɗaya kamunsa, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Ta ce ya tambaye ta ko sabon magani ne, ta ce masa i, na 'yan boko.

Gobe zan kai wa Malam Barau kafinta zane. Ki ce wa Yaya Lidiya ta ba ni mako biyu. Ki gaida kowa.

Taki har kullum,
Suwaibatu.

Ketare,
10 ga Afrilu, 1977.

Ƙawata Tabita,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, barkanku da Ista. Na sami wasiƙarki hannun direban Sheme, na gode da ƙarfafa mini gwiwa. Sai dai kin yi saurin kira na injiniya.

Tebur ya yi kyau, ba ƙarya. Malam Barau ya goge shi har yana sheƙi. Muna shigar da shi maƙera, na ce masa ya kawo diga mu tono uwar maƙera mu ɗora a kai. Ashe Gwaggo Barakatu, yayar Baba, tana bakin ƙofa. Ban taɓa jin salati irin nata ba. Ta ce wagga ɗiya boko ya cinye mata kai. Wai kakanmu ne ya kafa ƙarfen nan da hannunsa, kuma a gidanmu uwar maƙera ba ta tashi daga inda aka kafa ta; gidan da ya tumɓuke tasa, wutarsa ta mutu ke nan. Ta ce in ina son ɗaga wani abu, in je in ɗaga tulu.

A gidan nan aka haife ni, amma wallahi ban san haka ba. Ban taɓa tambaya ba.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya shafa teburin, ya ce katako mai kyau, ya fita yana dafe da bango. Yanzu kwanonin Inna ne a jere a kai. Na shiga bayan rumbu na yi kukana.

To, saurari abin da ya faru jiya! Na raka Gwaggo Kankara karɓo wa Baba magani. Kin san ana haƙa dogon rami a bakin hanya za a sa bututun ruwa. Muna jiran mota sai na ga wani lebura zaune a cikin ramin a kan bulo, ya ajiye kwanon furarsa a bakin ramin, daidai ƙirjinsa. Yana sha, bayansa a miƙe kamar na soja. Ƙasa ce teburinsa! Na tsaya ina kallonsa har ya ɗaga ludayi ya ce bisimilla, 'yan'uwansa suka fashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige, Gwaggo kuwa ta mintsine ni.

Kin gane? In uwar maƙera ba ta hawa, ai Baba yana iya sauka! Tun a mota na fara zane a bayan takardar magani. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Suwaibatu.

Ketare,
17 ga Afrilu, 1977.

Ƙawata Tabita,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, tafin hannuna duk ya yi kanta.

Inna na fara nuna wa zanen, wannan karon na koyi tambaya. Ta duba ta duba, ta rufe baki. Ta ce rami mai kusurwa huɗu, daidai tsawon mutum, kuma da awon zare? Ko na san abin da mutanen gari za su ce na haƙa wa ubana da ransa? Ni lissafi kawai nake gani, ita kuwa ta ga kabari.

Na kwana biyu ina sakewa. Daga baya na bar maganar rami gaba ɗaya. Rabin daɓen ɗakin za a sauke, daga bango zuwa bango, da matakala biyu. Uwar maƙera ta tsaya a kan ƙasarta ta asali kamar dakali, murhu da zugazugi a damanta. A gabanta a bar wani dakalin na zama. Daga wurin zama zuwa inda ƙafa za ta taka, ƙullin gwiwa na zaren Inna. Magagari da awartaki da ƙananan guduma kuma a yi musu gurbi yadda ba wanda zai wuce kamunsa, kada ya yi ta miƙa. Na ƙara da taga, don na lura rabin sunkuyon nasa neman haske ne.

Ba zan iya yi wa Baba bayani da baki ba. A ƙarƙashin faifan tuwonsa na sa takardar. Kwano ya dawo, takarda ba ta dawo ba. Kwana biyu ina jira. Ranar Alhamis da hantsi ya shiga maƙera, ya ja layi a ƙasa da bakin awartaki, ya aika a kira Malam Barau. Layin nasa ya fi nawa faɗi, kuma shi ke da gaskiya: na manta gwiwoyinsa za su buƙaci wuri hagu da dama.

Gwaggo ta yarda bisa sharaɗi. Diga ba za ta matso ƙarfen ba, ƙasar da ke kewaye da shi da hannu za a gyara. Ta kawo tabarma ta zauna gadi da carbinta, kowane sara sai ta ce wa Malam Barau a hankali, ba gonar ubanshi ba ce. Shi kuma ya ce Hajiya ta kwantar da hankali, ko jaririya ba za a lallaɓa haka ba. Ni nake kwasar ƙasa da kwando. Mun yi wa dakalin jeren duwatsu, mun shafe da siminti, mun ɗaga dokin ƙofa saboda ruwa.

Yanzu jiran bushewa muke. Jiya hadari ya haɗu a gabas, na tuna maganar ruwan farko, sai iska ta watsa shi. Tukunyar tana nan a bakin ƙofa, Baba bai ce a ɗauke ba.

Taki mai ƙaunarki,
Suwaibatu.

Ketare,
24 ga Afrilu, 1977.

Ƙawata Tabita,

Gaisuwa da murna! Kafin ki ci gaba da karatu, kwance ƙullin da direba ya ba ki. Kin gani? 'Yan kunnen Yaya Lidiya ne! Ki duba 'yan ƙwayoyin da ke zagaye da kowanne, goma sha biyu-biyu ne, da hantsaki Baba ya jera su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Laraba ya sauka matakala ya zauna. Da farko bai yi daidai ba, kafaɗunsa suka ɗage kamar na ungulu, don wurin zaman ya yi ƙasa da inci biyu. Na ce shi ke nan, na sake kunyata. Sai Gwaggo, ita da kanta, ta ninka buzun biyu ta tura masa, ta ce 'yan boko ba su san amfanin fata ba. Kafaɗu suka sauka. Ya hura wuta.

Na laɓe a bayan taga da agogon Inna. Awa ɗaya. Awa biyu. Ba na jin komai sai ƙaramar guduma. Da aka kira azahar ya ajiye aiki, ya dafa dakali, ya miƙe shi kaɗai, ba wanda ya kama shi! Ba zan ce miki ya warke ba, da safe har yanzu sai an shafa man zafi. Amma maƙera biyu sun zo daga Faskari kallo, ɗaya har da auna matakala da sandarsa. Gwaggo ce ke yi musu bayani, tana cewa ɗiyarmu ce ta zana.

Ruwan farko ya sauka shekaranjiya da la'asar. Ina tsaye a tsakar gida na ga Baba ya fito ya ɗauki tukunyar. Sai ya kai ta ƙarƙashin indararo ya tara ruwa.

Saura abu ɗaya, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa. Jiya ya aike ni Sheme sayen gawayi, alhali akwai buhu guda a zaure. Da na dawo na tarar da Malam Barau yana wanke hannu. A hagun wurin zaman Baba, gefen taga, an yi wani ɗan ƙaramin dakali. Baba bai dube ni ba. Ya ce wai idonsa ba ya ganin ƙananan zobban sarƙa sosai, in akwai mai ido a gidan nan, ga wuri.

Na zauna. Ƙafata ta taka ƙasa daidai, gwiwar hannuna ta sauka daidai, ko inci ɗaya bai kuskure ba. Na rasa yadda aka yi. Sai na tuna ranar Juma'a Inna ta matsa lallai sai ta yi mini kitso, tana ta sa ni in miƙe in zauna. Na ɗaga kai. A kan ƙusa, kusa da awartaki, zare biyu ne a rataye, dogo da gajere, kowanne da ƙulli uku.

Ki gaida amarya, ki ce Allah ya sa alheri. Sai mun haɗu a makaranta. In kin ga bakin farcena ya yi baƙi, kada ki yi mini dariya a gaban mutane.

Taki har kullum,
Suwaibatu.